Gado, Abinci da Ruwa: Abin da ke Gina Tsokar Kifin Gona

Tun bayan ƙaddamar da irin waken nan mai suna Songotra-T a watan Yulin 2024, wanda shi ne amfanin gona na farko mai sauyayyun ƙwayoyin gado da hukumomin Ghana suka yarda manoma su shuka, maganar abincin da aka taɓa wa halitta ta fita daga hannun masana ta shiga kasuwa. A unguwannin Accra, daga Nima da Mamobi har Sabon Zango da Madina, duk abin da ya girma da wuri ya shiga sahun zargi, kuma kifin gona na kan gaba. Mai saye ya ga karfasa mai kauri a kan tebur sai ya tambaya ko ta allura ce. Matashin da ya kafa tankin tamfal a bayan gida yana kiwon tarwaɗa kuwa damuwarsa daban ce, domin ya ciyar da kifinsa wata biyar amma bai kama ƙafar na maƙwabcinsa ba. Amsar tambayoyin biyu tana wuri guda, wato yadda jikin kifi yake mayar da abinci tsoka, da abin da ya gada wanda ke yi wa wannan aiki iyaka. Batun yana da nauyi a ƙasar da kifi ke ba da kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin dabba da jama'a ke ci.

Kalmomi biyu za su yi ta dawowa. Ƙwayar gado ita ce guntun umarnin da ke rubuce a cikin kowane tantanin jiki (tantanai su ne 'yan ƙananan ɗakunan da jiki ya ginu da su), wanda ɗa ke karɓa daga uwa da uba, rabi daga nan rabi daga can. A jikin karfasa an shirya wannan umarni cikin tagwayen ƙunshi 22. Sarrafa abinci kuma shi ne dukkan aikin da jiki ke yi wa abin da aka ci bayan an haɗiye shi: narkarwa, ƙonawa don samun ƙarfi, gina sabon nama, da fitar da abin da ya rage.

Yadda tsokar kifi take

Wanda ya taɓa ɓare gasasshiyar karfasa ya ga naman yana rabuwa falle-falle. Kowane falle tarin zaruruwa ne masu sirantaka, kuma mafi yawansu farare ne, su ne kifi ke amfani da su wajen zabura idan zai gudu ko zai kama abinci. Siririn layin nama mai duhu da ke bin gefen jiki shi ne jar tsoka, wadda ke ɗaukar nauyin iyo na yau da kullum. Abin da manomi ke sayarwa a zahiri farar tsokar ce.

Tsoka tana ƙaruwa ta hanya biyu: ko dai zaruruwan da ke akwai su yi kauri, ko kuma a samu sababbi. A nan kifi ya bambanta da rago ko sa. Dabba mai shayarwa ana haihuwarta da kusan dukkan zaruruwan da za ta rayu da su, don haka mai kiwon ragon layya kauri kawai yake ƙara wa abin da ya tarar. Kifi mai girma irin karfasa da tarwaɗa kuwa yana ci gaba da ƙera sababbin zaruruwa tsawon lokaci bayan ƙyanƙyashewa, daga wasu tantanai na ajiya da ke kwance a jikin tsokar, waɗanda wasu ƙwayoyin gado irin su MyoD da myogenin ke tayarwa su koma zare. Tun da kowane zare yana da iyakar kaurin da zai iya yi kafin iska da abinci su gaza kaiwa tsakiyarsa, yawan zaruruwan shi ke yanke girman da kifi zai iya kaiwa a ƙarshe. Ƙera sababbin ya fi ƙarfi a ƙuruciya, yana raguwa da girma. Wannan ne dalilin da ya sa 'ya'yan kifin da suka sha wahalar yunwa ko gurɓataccen ruwa a makonninsu na farko sukan yi wuyar cim ma tsaransu, ko da an wadata su daga baya.

Totur da birki

Umarnin girma yana farowa daga wata 'yar gaɓa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke sakin sinadarin girma cikin jini. Idan ya isa hanta, sai hantar ta saki wani sinadari mai suna IGF-1, shi kuma ya je ga tsoka ya umarce ta da ta haɗa sabon furotin. Sai dai tsokar ba ta bin umarni a makance. A cikin kowane tantani akwai wani ma'auni da masana ke kira mTOR, wanda ke duba ko kayan gini sun iso, wato ƙananan tubalan furotin da aka narkar daga abinci, da kuma ko akwai ƙarfin da za a yi aikin da shi. Idan babu, gini ba ya tashi. Abin lura a nan shi ne kifin da ke cikin yunwa sau da yawa sinadarin girma yana yawaita a jininsa, amma hanta ta ƙi amsawa, IGF-1 ya yi ƙasa, girma ya tsaya. Kamar mota, jiki yana da hanyar kashe totur idan tanki ba mai.

Haka kuma jiki ba gini kaɗai yake yi ba. A kowace sa'a yana rushe tsohon furotin yana gina sabo, kuma girma shi ne ribar da ta saura tsakanin biyun. Kifaye biyu na iya cin abinci daidai, su gina furotin daidai, amma wanda jikinsa ya fi saurin rushewa ya ƙare da ƙarancin nama. Tsoro, cunkoso da yawan kamawa suna tayar da sinadarin damuwa, wanda ke karkata ma'aunin zuwa ɓangaren rushewa.

Birkin kuma, wato abin da ke hana tsoka wuce iyaka, sunansa myostatin. Masana biyu na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, Se-Jin Lee da Alexandra McPherron, su suka bayyana shi a 1997, bayan sun ga ɓerayen da aka cire wa wannan ƙwayar gado sun tara tsoka fiye da kima. A shekarar ce aka gane cewa shanun nan na Beljiyam masu murɗaɗɗen jiki, birkinsu ne ya lalace tun asali ba tare da wani ya taɓa shi ba. Kifi ma yana da myostatin, galibi har kwafi biyu, kuma yana bayyana a gaɓoɓi da dama bayan tsoka, abin da ya sa cire shi a kifi ke buƙatar taka-tsantsan.

Inda abincin yake tafiya

Kifi ya fi dabbobin tudu arhar gina nama saboda dalilai uku. Ba ya ƙona abinci don ɗumama jikinsa, zafin ruwa shi ne zafinsa. Ruwa yana ɗauke masa nauyinsa, ba ya buƙatar manyan ƙasusuwa da ƙarfin tsayuwa. Sannan ragowar furotin da ya ƙona yana fitar da ita kai tsaye cikin ruwa a matsayin amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa, ba sai ya kashe ƙarfi wajen mayar da ita fitsari ba. Shi ya sa a gona mai kyakkyawan kulawa kilo ɗaya da rabi na abinci kan ba da kilo ɗaya na karfasa.

Wannan lissafi yana da yaudara a cikinsa, domin abincin busasshe ne, naman kifi kuwa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Idan abincin yana da furotin kashi 30 cikin 100, kilo ɗaya da rabi ya ƙunshi giram 450 na furotin. Kilo ɗaya na kifi gaba ɗayansa yana da kimanin giram 160. Ke nan wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya zauna a jiki, sauran ya tafi cikin ruwa a matsayin kashi da amoniya. Manomi ya biya kuɗin wannan furotin, kuma shi ne ke dawowa ya gurɓata masa ruwa. Tun da abinci ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, duk abin da zai ɗaga wannan kaso ɗaya cikin uku, ko da kaɗan ne, ya fi kowane magani tasiri a aljihu.

Abu na farko da ke ɗaga shi daidaiton tubalan furotin ne. Tsoka tana buƙatar tubala iri-iri a ma'auni sananne, kuma idan ɗaya ya ƙare gini ya tsaya ko da sauran sun yi yawa, kamar magini mai tulin bulo da yashi amma siminti ya yanke masa. Masara da dusarta suna da ƙarancin wanda ake kira laisin, waken soya kuma yana da ƙarancin metiyonin, don haka abincin da aka haɗa a gida ba tare da awo ba yana iya cika cikin kifi ya bar tsokarsa da yunwa. Na biyu shi ne samar da ƙarfi daga mai da sitaci don kada kifi ya ƙona furotin mai tsada. Karfasa tana iya sarrafa sitaci fiye da kifaye masu cin nama, shi ya sa furotin kashi 28 zuwa 32 ke isar babbarta, alhali tarwaɗa da ƙananan 'ya'ya suna buƙatar sama da haka. Idan sitaci ko mai ya wuce kima, rarar tana komawa kitse a ciki da hanta. Kifin zai yi nauyi a sikeli, mai gyarawa kuma ta zubar da nauyin tare da hanji.

Sai ruwa. Karfasa tana girma sosai a zafin ruwa na kimanin digiri 27 zuwa 30, tana rage ci idan ya yi ƙasa da 20, kuma wannan na daga cikin tagomashin tafkin Volta, inda ruwa ke da ɗumi kusan duk shekara. Narkar da abinci da gina furotin suna cin iskar oksijin mai yawa, don haka kifin da ya ƙoshi ya fi mai yunwa buƙatar iska. A kududdufi iskar ta fi yin ƙasa da asuba, kuma manomin da ya zuba abinci a lokacin da kifaye ke taso da baki saman ruwa asarar kuɗinsa yake yi. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman da take shaƙar iskar sarari da ita, abin da ya sa take jure cunkoson tankin tamfal. Jurewa dai daban, girma daban: amoniyar da ta taru a tanki tana rage mata ci kamar kowane kifi.

Abubuwa huɗu da ake cakuɗawa

Na farko zaɓen iri ne, wanda makiyaya suka sani tun kafin a ƙirƙiro kalmar kimiyya, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saurin girma ba ya rataye a kan ƙwayar gado ɗaya. Ɗaruruwa ne ke haɗuwa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa, kuma zaɓen iyaye mafi kyau zuriya bayan zuriya yana tara masu amfanin a wuri guda. Shahararren misali shi ne irin karfasar da ake kira GIFT, wanda aka fara aikinsa a Filifin a 1988 da kifaye daga tushe takwas: huɗu na gonakin Asiya, huɗu na ruwayen Afirka, wato Masar, Kenya, Senegal da Ghana. Bayan zuriya biyar an ba da rahoton ƙarin saurin girma na kusan kashi 85 cikin 100. Ghana ma tana da nata, irin Akosombo, wanda Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, majalisar binciken kimiyya ta Ghana, ta samar tare da cibiyar binciken kifi ta duniya WorldFish daga karfasar yankin Volta, kuma cibiyoyin sun ce ya fi wanda ba a inganta ba saurin girma da kusan kashi 30. Babu ƙwayar gadon wata halitta a cikin ko ɗaya daga cikinsu.

Na biyu shi ne sinadarai, kuma daga nan ne maganar allura ta samo tushe. Allurar da aka sani a kiwon tarwaɗa uwar kifi ake yi wa a wurin ƙyanƙyasa domin ta saki ƙwai, saboda tarwaɗa ba ta saki da kanta a tanki. Kifin da ake kaiwa kasuwa 'ya'yanta ne da ba su taɓa ganin allurar ba. A karfasa kuma matsalar ta jinsi ce. Mace tana fara haihuwa tun tana ƙarama, tana riƙe ƙwai da 'ya'ya a bakinta kwanaki ba ta cin abin kirki, ƙarfinta ya tafi can, kududdufi kuma ya cika da ƙananan kifi masu gasar abinci. Don haka masu ƙyanƙyasa ke haɗa wani sinadarin maza a abincin 'ya'yan na tsawon mako uku zuwa huɗu na farkon rayuwarsu, su tashi kusan duka maza. Daga nan har kamawa watanni biyar ko shida ne, kuma binciken da aka yi ya nuna sinadarin yana fita daga jikin kifin tun da wuri. Masu suka sun fi mayar da hankali kan ruwan da ake zubarwa daga wurin ƙyanƙyasa da lafiyar ma'aikacin da ke haɗa abincin da hannunsa, kuma wannan damuwa tana da hujja.

Na uku dasa ƙwayar gadon wata halitta ne. Kifin salmon na kamfanin AquaBounty shi ne misali: an sa masa ƙwayar sinadarin girma ta wani nau'in salmon, haɗe da makunnin wani kifin teku mai jure sanyi, don totur ya zauna a take har a lokacin hunturu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015 bayan shekaru kusan ashirin na nazari, amma kamfanin ya daina kiwonsa a ƙarshen 2024 saboda matsin kuɗi.

Na huɗu gyaran ƙwayar da kifi ke da ita ne ba tare da kawo baƙuwa ba. A 2021 Japan ta bari a sayar da wani jan kifin teku da aka kashe wa myostatin, wanda namansa ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, da wani nau'in kuma da aka kashe wa ƙwayar da ke sanar da shi ya ƙoshi. A tankunan kan tudu ake kiwon su. A Ghana, dokar 2011 mai lamba 831 ta ɗora wa Hukumar Kula da Lafiyar Fasahar Halittu ta Ƙasa alhakin ba da izini kafin a saki duk wata halitta da aka sauya. Karfasa da tarwaɗar da ke kasuwanninmu daga hanya ta farko da ta biyu suka fito.

Inda aka saɓa

Muhawarar da ta fi shafar Ghana a yau ita ce ta GIFT da irin Akosombo, wato ko a bar masu kiwo su shigo da GIFT ko a tsaya a kan irin gida. Wasu masu kiwo na cewa GIFT ya fi saurin girma, yana rage watannin ciyarwa, kuma hana shi ya bar manomin Ghana a baya wajen gasa da na Asiya; suna ƙarawa da cewa ai akwai jinin karfasar Ghana a asalinsa. Masu ra'ayin kare irin gida suna amsawa da cewa Volta ɗaya ce daga cikin gidajen asali na wannan kifi, kejin da ake kiwo a cikinsa a tafkin kuwa ba ya riƙe kifi har abada, kamar yadda aka gani a 2023 lokacin da sakin ruwan madatsar Akosombo ya lalata kejina da dama. Kifin da ya tsere zai haɗu da na daji, kuma abin da ya gauraya ba ya rabuwa. Suna kuma tuna cewa shigo da kifi mai rai hanya ce ta shigo da cuta, kuma masu kiwo ba su manta da annobar cutar kifi mai suna ISKNV da ta kashe kifaye masu ɗimbin yawa a tafkin daga ƙarshen 2018 ba. Hujjar ɓangare na farko ta riba ce da ake iya aunawa cikin wata shida, ta ɓangare na biyu kuma ta asara ce da ba za a gani da wuri ba kuma ba a iya gyara ta, shi ya sa su biyun suke yawan magana ba tare da sun haɗu ba.

Game da sauya ƙwayoyin gado, masu goyon baya na cewa kashe myostatin maimaita abin da ya faru da kansa ne a shanun Beljiyam. Masu adawa na nuni da cewa waɗannan shanu kansu suna fama da wahalar haihuwa, kuma ƙarfin da aka karkatar zuwa tsoka daga wani wuri aka ɗebo shi, ko garkuwar jiki ko haihuwa. Akwai kuma masu duba ta fuskar addini, wasu na kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i da ta yi maganar canza halittar Allah, wasu na ganin inganta dabba ko shuka don maslahar mutane ya halatta matuƙar babu cutarwa.

Abin da ya shafi mai kiwo da mai saye

Ga ƙaramin manomi, babbar barazanar gado tana cikin gonarsa. Idan ya sayar da manyan kifayensa ya bar ragowar ƙanana su zama iyaye, ya yi zaɓen iri ne a juye, kowace zuriya tana kasa ta baya. Haka wurin ƙyanƙyasar da ke maimaita iyaye kaɗan shekara da shekaru, 'yan'uwa na haɗuwa da juna, girma ya ragu, nakasa ta ƙaru. Iri mai kyau ma yana lalacewa ta wannan hanya cikin 'yan zuriyoyi, don haka sunan Akosombo a bakin mai sayarwa bai wadatar ba sai an san inda ya samo iyayen da kuma yaushe ya sabunta su. Sannan irin da aka inganta yana da ci. Wanda ya saye shi ya ciyar da shi dusa kaɗai ya sayi babbar mota ne ba kuɗin mai. A tarwaɗa kuma 'yan kaɗan da suka zarce 'yan'uwansu tun suna ƙanana sukan koma cin su, shi ya sa rarraba su bisa girma yake cikin aikin kiwo.

Ga mai saye, kauri ba shaidar allura ba ne, kuma ido ba ya bambanta irin da aka zaɓa da wanda ba a zaɓa ba. Abin da ido da hannu ke iya ganewa shi ne ƙarfin nama, hasken idon kifin, da yawan kitsen ciki idan an farke shi. Kasuwar Ghana ma tana da nata tasiri a kan irin kifin da za a inganta. A ƙasashen da ake yanke naman karfasa zalla a sayar, inda abin da ake samu bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin kifin ba, ƙarin tsoka kaɗan kuɗi ne mai yawa, kuma can ne kashe myostatin yake da kasuwa. A Accra kuwa karfasa ɗungurungum ake gasa ta a ci da banku, har kai ba a bari, kuma ana yi mata farashi ne bisa rukunin girma. Manomin da ke kai kifi wannan kasuwa ribarsa tana cikin makonnin da ya rage kafin kifin ya shiga rukunin da masu gashi ke nema, da buhunan abincin da ya ƙare kafin ya kai can.